Bindiga a Ɗure Kusa da Gado, Ko a Kulle Cikin Akwati? Muhawarar Zauren 'Yan Garinmu

Ɗan Sa-kai: Salamu alaikum jama'a. Jiya bayan Isha'i na ji ana cewa duk mai bindiga a garin nan ya nemi akwatin ƙarfe ya sa mata kwaɗo. Ni ban yarda ba, kuma gara in faɗa gaban kowa. Bindigar da aka kulle, da ita da babu duk ɗaya. Mutanen daji ba sa sallama. Ƙarfe biyun dare sai dai ka ji rurin babura, kafin ka lalubo makulli cikin duhu, ka buɗe kwaɗo, ka nemo harsashi, sun riga sun cika maka tsakar gida. Tawa a ɗure take kwana, jingine da gadona, inda hannuna zai kai ko ban buɗe ido ba. Wanda bai taɓa kwana cikin gero da iyalinsa saboda tsoro ba, shi ne zai kawo maganar kwaɗo.

Maman 'Yan Biyu: Wa alaikumus salam Yaya. Ba na raina abin da kuke yi, Allah ya san da ba don ku ba da tuni mun bar garin nan. Amma ka yi maganar dare ka manta da rana. Kai da gari ya waye ka tafi gona ko kasuwa. Wa kake bari da bindigar? Mu da yara.

Bara da kaka ina shanya a tsakar gida, sai na ji ɗakin maigidana ya yi tsit, alhali na san yara sun shiga. Uwa ta san irin wannan shirun. Ina ɗaga labule na tarar da Hasan, ɗan shekara shida, ya jawo bindigar babansa daga bayan ƙyaure ya kwantar da ita kan tabarma. Ɗan maƙwabta ya durƙusa ya sa ido ɗaya a bakinta yana leƙen ciki, shi kuma nawa yana wasa da kunamar. Ban yi ihu ba, don tsoron kada ya firgita ya ja. Lallaɓawa na yi har na kama hannunsa. Da maigidan ya dawo ya duba, a ɗure take. Har yau in na tuna idon yaron nan a bakin bindiga sai ƙafafuna su yi sanyi. Me zan ce wa uwarsa?

Ɗan Sa-kai: Allah ya kiyaye gaba, ƙanwata. Amma wannan sakacin ajiya ne. A rataye ta sama, a kuma tsawata wa yara.

Maman 'Yan Biyu: Yaron da ke hawa turmi ya ɗauko sukarin da na ɓoye a saman kwaba? Shi za a ce sama ta fi ƙarfinsa? Kuma an tsawata masa, ba sau ɗaya ba. Tsawar ce ma ta sa ya jira sai da babansa ya fita.

Baba Sarkin Baka: Ku bari in sa baki. Shekaruna sun haura arba'in da riƙon adaka, kuma a hannun mahaifina na koya. A wajenmu maharba, abin kunya ne ka shigo gari da bindiga a ɗure. In ka ɗura ba ka samu nama ba, a bakin daji kake sauke ta. Albarushi yana cikin ƙahonsa, a rataye wani wuri daban, nesa da murhu da fitila. Bindiga tana turaka, turaka kuma ba wurin wasan yara ba ce.

Kuma ɗana, akwai abin da ba ka lissafa ba. Harbi-ka-ruga in ta daɗe a ɗure, musamman da damina, albarushin yana shan danshi. Ranar da kake buƙatarta sai ta ƙi tashi. Wani lokaci ma ta yi shiru kamar ta ƙi, sai mutum ya juyo da ita yana dubawa sannan ta tashi. Na ga wanda ya rasa yatsu uku ta haka. Tsatsa kuma tana cin cikin bututun ba ka gani. Wannan da kake kwana da ita a ɗure wata da watanni, yaushe rabon da ka wanke ta ka shafa mata mai?

Ɗan Sa-kai: Allah ya ja da ran Baba. Duk abin da ka faɗa gaskiya ne, amma zamaninku ku ke farautar gada da zomo. Yau mu ake farauta. Ɗurin adaka kuwa ba abin minti ɗaya ba ne, kai ka fi ni sani.

Baba Sarkin Baka: Na sani. Shi ya sa ban ce da dare ka kwana hannu rabbana ba. Abin da na ce, wadda ta kwana a ɗure kada ta wuni a ɗure cikin gida mai yara.

Kawu Tsohon Soja: Ni gardamar lokaci nake so mu tsaya a kai, don a nan Ɗan Sa-kai ya kafa hujjarsa. Shekara ashirin da biyu na yi a soja. A bariki, inda kowa ya iya bindiga, makami yana ma'ajiya. Sai za ka fita aiki ka sa hannu ka karɓa, in ka dawo ka cire harsashi, a duba a tabbatar babu komai ciki, sannan ka mayar. Ba don sojoji ba su san darajar lokaci ba. Don an binne mutane da yawa da bindigar da mai ita ya rantse babu komai cikinta.

Tawa mai baki biyu ce, da takardarta. Tana cikin akwatin ƙarfe da aka kafe a bango daf da gadona. Harsashi yana wani ƙaramin akwati daban. Makullan biyu suna igiya a wuyana, da su nake wanka da su nake barci. Na gwada cikin duhu ba sau ɗaya ba, fitila a kashe: kafin in ƙirga ashirin na buɗe, na ɗura, na miƙe tsaye. In har ƙirga ashirin ce tsakaninka da mutuwa, to ba kwaɗo ne ya cuce ka ba. Tun daga nesa aka ci ka da yaƙi. Abin da ke ba ka lokaci shi ne kare a ƙofar gida, sakata mai ƙarfi, 'yan sintiri da usur, da wayar da ke da caji.

Kuma wannan ƙirga ashirin ɗin tana da wani amfani. Mutumin da ya zabura daga barci bai gama dawowa hayyacinsa ba. Wata rana can cikin dare na ji an diro ta katanga. Lokacin da nake buɗe akwati ne na ji tari, na gane tarin. Ɗan ƙanena ne, ya dawo daga kallon ƙwallo ya tarar an rufe ƙofa, yana tsoron faɗa. Da a ɗure take kusa da hannuna, wallahi ban san abin da zan gaya wa ƙanena ba.

Ɗan Sa-kai: Kawu, kai an horar da kai. Mu fa? Hannu na rawa, mata na kuka, makulli ya faɗi ƙasa?

Kawu Tsohon Soja: Hannun da zai yi rawa a kan kwaɗo, shi ne zai yi rawa a kan kunama. Wanne ya fi haɗari? Ka zo gobe in nuna maka, ka yi ta maimaitawa har hannunka ya haddace.

Shugaban Zaure: Jama'a tunatarwa. Kada kowa ya sake ya ɗora hoton bindigarsa ko ya faɗi ɗakin da take. Mun haura mutum ɗari biyu a nan, ba mu san inda saƙo ke ƙarewa ba, kuma kowa ya san ɓarnar da infoma ke yi. Gidan da aka san da bindiga shi ake fara nema. Kawu, kai ma ka ɗan yi bayani da yawa, ka goge wancan saƙon in an gama.

Malamin Asibiti: Ni abin da idona ya gani zan faɗa. Waɗanda 'yan bindiga suka harba ana kawo mana su, babu musu. Amma akwai wasu da ake kawowa a ɓoye, dangi na raɗa, ana cewa tsautsayi ne. Yaro ya harbi ƙanwarsa. Mutum yana goge bindiga ta tashi ta samu matarsa a cinya. Harbin adaka daga kusa ba rauni ɗaya yake yi ba, ƙarafa ne ke watsuwa cikin nama, kuma kafin a kai babban asibiti a kan wannan hanyar tamu jini ya gama zuba.

Akwai kuma abin da ba mu son faɗa. Gidajenmu akwai samarin da ke shan ƙwaya. Akwai rigimar gado da ta gona tsakanin 'yan uba. Akwai wanda aka sace masa shanu ko aka kashe masa ɗa, baƙin ciki ya rufe shi har ba ya son rayuwa. Fushi yana sauka, baƙin ciki yana sassautawa, in dai a wannan 'yar daƙiƙar hannu bai samu abin da zai ɗauka ba. Kwaɗon ba don ɓarawo kaɗai ba ne.

Ɗan Ingila: Nan inda nake, ba a ba ka takardar bindigar farauta sai 'yan sanda sun gamsu da wurin ajiyarka. Kabad ɗin ƙarfe ne a kafe da bango, kuma sukan zo gida su duba da idonsu.

Ɗan Sa-kai: Da girmamawa, can in ka buga waya 'yan sanda na zuwa. Nan wani lokaci sai gari ya waye, an gama jana'iza. Kada a auna mu da mudun Ingila.

Ɗan Ingila: Wannan gaskiya ne, na karɓa. Amma yaron can da na nan duk son taɓe-taɓensu ɗaya.

Lauya: Tunda an kawo doka, bari in fayyace. Dokar Makamai ta Najeriya tun 1959 take, kuma ta kasa bindigogi gida uku. Irin na soja, su AK-47, haramtattu ne ga farar hula sai da izinin Shugaban Ƙasa. Irin su mai baki biyu, lasisinsu daga Sufeto Janar na 'yan sanda yake. Harbi-ka-ruga kuwa lamarinta na hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi. Kuma dokar ta ɗora wa mai lasisi nauyin tsare bindigarsa, in ta ɓace ko an sace dole ya sanar da hukumar da ta ba shi.

Na san za a ce ai gwamnoni da kansu sun ce a kare kai. Haka ne. Masari ya faɗa a Katsina a 2021. Gwamnatin Matawalle a Zamfara ta ba da sanarwa a watan Yunin 2022 cewa jama'a su nemi lasisi, har Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Daga baya Katsina ta kafa dakarunta na tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a farkon 2024. Amma duk cikin wannan babu wanda ya ɗauke maka alhakin abin da bindigarka ta aikata a hannun ɗanka. Kai za a tambaya.

Malam Liman: Kare kai da iyali da dukiya halas ne, babu malamin da zai hana ku. Sai dai ku duba yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi da makami. Ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, domin bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa. Ya ce wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani Musulmi rauni. Ya kuma ce kada a bar wuta a gida lokacin da za a yi barci. Duk suna cikin Bukhari da Muslim. In an ce a kashe fitila saboda ɓera kada ya ja lagwani, yaya bindiga a ɗure a ɗakin da yaro ke rarrafe?

Ɗan Sa-kai: Allah ya gafarta Malam, na ji. Da rana na yarda, zan sauke ta in kulle. Maman 'Yan Biyu ta kashe min jiki da labarin nan, ina da mai shekara biyar. Amma da dare, musamman ranar da aka ce an ga motsi a daji, ba zan kulle ba. Ɗakina ni kaɗai nake kwana, zan sa sakata ta ciki.

Kawu Tsohon Soja: Ranar da aka ga motsi ai ba barci za ka yi ba, gadi za ka yi, bindiga na hannunka idonka biyu. Wannan daban. Wadda nake ƙi ita ce ta mai minshari. Ko a daren ma ka bar harsashin a aljihunka, kada ya kwana cikinta.

Mai Walda: In an shirya, ni zan iya haɗa akwatin da faranti mai kauri, a kafe shi daga ciki yadda ba za a ɗauke shi gaba ɗaya ba. Ku sayi kwaɗo mai kyau da kanku, ban da na ɗari biyar da ake buɗewa da ƙusa. A sa tsumma mai ɗan mai a ciki saboda danshi. In mutum biyar suka haɗu farantin zai fi sauƙi.

Goggo: Duk na karanta, amma akwai wadda ba a tambaya ba. Ɗana yana tafiya fatauci Jibiya, wani lokaci kwana uku. Makulli na wuyansa. Mu mata huɗu da jikoki tara a gida. In aka shigo, akwatin zai kare mu?

Maman 'Yan Biyu: Goggo, ko a buɗe take, cikinku wa ya iya ta?

Goggo: Babu. Abin da nake tambaya ke nan. A koya mana, ko a bar wa wani makulli na biyu?

Lauya: Goggo, lasisi na mutum ɗaya ne, ba a aron sa kamar tabarya. In ya miƙa wa wanda ba shi da takarda, su biyun sun shiga matsala.

Kawu Tsohon Soja: Ni ma ba zan so makulli ya koma ƙarƙashin matashin kai ba, nan yara ke fara dubawa. Goggo, ki ce ya same ni kafin tafiyarsa ta gaba. Gidanku na kan layin sintirinmu, sai mu sa wani ya riƙa tsayawa ƙofarku daren da ba ya nan.

Ɗan Sa-kai: Ni zan ɗauki daren farko. Mai Walda, ka biyo ta gidana bayan La'asar da ma'auninka.