Mece ce ma'anar mayafi a zanen fuskokin mata na Turai?

Ɗalibar Zane:
Assalamu alaikum. Na lura cewa a tsoffin zane-zanen Turai na ƙarni na 15 da na 16, mata da yawa suna sanye da mayafi, amma sau da yawa shara-shara ne, har ana ganin goshi da gashi ta cikinsa. Idan ba ya rufe komai, me masu zanen suke nufi da shi?

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam, Malama. A wancan zamani mayafi yana bayyana matsayin mace ne tun kafin a san sunanta, domin a ƙasashen Kirista da yawa matar aure ce ke rufe kai, budurwa kuwa tana iya sakin gashinta. Shi ya sa Jan van Eyck, da ya zana matarsa a 1439, ya nuna ta da farin lulluɓi mai ninki-ninki. Launi ma yana da nasa saƙon. A fadar Faransa farin mayafi alamar makoki ne, kuma da shi François Clouet ya zana Mary, sarauniyar Sukotland, wajen 1560.

Mai Burushi:
Malam ya yi bayani, amma ni da nake riƙe burushi ina ganin akwai nuna gwaninta a ciki. Zana kyalle mai kauri abu ne mai sauƙi, amma zana wanda fata ke bayyana a ƙarƙashinsa yana buƙatar a shimfiɗa fentin mai siriri-siriri, a bar shi ya bushe, a sake shimfiɗa wani. Ki duba matar da Rogier van der Weyden ya zana wajen 1460, wadda zanenta ke Washington yanzu: mayafinta ya sauko kan goshi, idanunta na kallon ƙasa, wato kamun kai ne ake nunawa, amma ingancin kyallen yana shelar dukiyar gidansu. Ko Mona Lisa, wadda Leonardo da Vinci ya zana, tana da mayafi, sai dai ya yi sirantar da mutane da yawa ba sa lura da shi.

Ɗalibar Zane:
Na gode muku. To, zanen Raphael da ake kira La Velata, wanda ke Fadar Pitti a Florence, shi ma aure yake nufi?

Malamin Tarihi:
Masana da dama suna fassara shi haka, musamman da yake ta ɗora hannu a ƙirji, kodayake har yau ana jayayya a kan ko wace ce matar.