Cigiyar kalma: me za mu kira na'urar da ke rarrashin yara a asibiti?

Jama'a, assalamu alaikum. Kalma nake cigiya, yau kwana uku ta hana ni sakat. Wani labarin lafiya nake mayarwa Hausa, sai na ci karo da abin da Turawa ke kira "social robot". Na'ura ce mai siffar ɗan mutum ko dabba, wadda ba don ɗaukar kaya ko haɗa mota aka ƙera ta ba. Aikinta hulɗa da mutane: ta gaisa, ta yi magana, ta amsa. A wasu asibitocin Kanada da Italiya har an gwada kai ta sashen gaggawa na yara, a Kanada har ta tsaya gefen gado tana jan yaro da hira lokacin da ake neman jijiyarsa.

Bari in fara nuna muku ita, tunda ba a yanka ragon suna kafin a ga jariri. Wadda aka fi amfani da ita sunanta NAO, ƙirar kamfanin Aldebaran na Faransa. Tsayinta santimita 58, da kaɗan ta wuce gwiwar babban mutum. Tana da kai da hannuwa da ƙafafu, tana tafiya, tana rawa. A Jami'ar Kalgari ta Kanada, Tanya Beran da abokan aikinta suka ɗora mata wata manhaja mai suna MEDi, suka gwada ta a Asibitin Yara na Alberta wajen allurar rigakafin mura, sakamakon ya fito a 2013. Dabarar ta burge ni ƙwarai. Daidai lokacin da za a soka allura, sai na'urar ta roƙi yaron ya taya ta hure ƙurar da ke jikin wata 'yar agwagwar roba. Yana hurawa, dogon numfashi na fita, jiki na saki, allura ta wuce.

Daga baya aka gwada ta a sashen gaggawa na asibitin yara na Stollery da ke Edmonton a Kanada, a kan yara 'yan shekara 6 zuwa 11 da za a sa wa kanula, wato ɗan siririn bututun da ake sakawa a jijiya. Abin da aka wallafa a 2021 shi ne firgicin yaran ya ragu, amma zafin da suka ce sun ji bai ragu ba. Ku riƙe min wannan, zan dawo kansa.

To, suna. Abin da ya fara zuwa bakina mutum-mutumi, don shi muka saba ji a labarai. Sai dai ku auna shi a bakin uwa. Yaro na kwance jikinsa zafi zau, ta sunkuya ta ce masa, "Yi shiru, ga mutum-mutumi nan zuwa." Wallahi kukan ƙaruwa zai yi. Mutum-mutumi a kunnen Bahaushe shi ne wanda ake kafawa a gona da tsumma don korar tsuntsaye, ko sassaƙen da ke tsaye a dandali. Abin tsoratarwa ne, ko abin da ba ya motsi.

Saƙago ma haka. Na san masu rubutu kan fasaha da dama sun karɓe shi, kuma ina son gajartarsa. Amma idan aka ce wane ya tsaya kamar saƙago, ai ana nufin ya ƙame, ba um ba um-um. Yaya za mu ba wa abin da duk amfaninsa surutu da rawa sunan wanda ya ƙame?

Na yi tunanin mu ari kalmar yadda take, kamar yadda muka ari mota da rediyo. A Nijar masu bin Faransanci "robo" suke cewa, a Najeriya kuma sai ta fito kusa da roba, mai sauraro ya ɗauka kayan wasan roba ake nufi. Ga shi asalinta ma ba mai daɗi ba ne: daga kalmar harshen Cek "robota" ta fito, wato aikin tilas, marubucin wasan kwaikwayo Karel Čapek ya yaɗa ta a 1920. Sunan bawa ne. Wannan kuwa ba bauta aka kawo ta yi ba.

Sai rabin kalmar na farko, wato "social". Kada wanda ya ce min "na sada zumunta", don Facebook da WhatsApp sun riga sun cinye wannan. "Na zamantakewa" kuma ya yi nauyi, kamar taken lacca.

Inda na samu bakin zaren, ba a ƙamus ba ne. Bara da damina muka kai ɗan ƙanwata, ɗan shekara biyar, wani asibiti cikin dare, zazzaɓi da amai sun zuƙe shi, aka ce sai an ƙara masa ruwa. Yana ganin malamar jinya ta yage ledar kanula ya ƙwalla ƙara. Laifinmu ne kuma, mu ne a gida muke ce musu "in ba ka yi shiru ba zan kira mai allura". Mu uku muka danne shi, ni a ƙafafu. Sau biyu ana soka ana rasa jijiya saboda fizge-fizge. Sai wata dattijuwa da ke jinyar jikarta a gadon kusa ta taso, ta ce mu sassauta masa. Ta durƙusa daidai fuskarsa, ta buɗe tafin hannunta, ta ce, "Maigidana, zo ka ƙirga min yatsun nan, an ce ɗaya ya ɓata." Yana shessheƙa yana ƙirgawa. Kafin ya kai na huɗu an ɗaure filasta. Na ce, "Baba, Allah ya saka da alheri." Ta ce, "Ai yaro rarrashi yake so."

Abin da tsohuwar nan ta yi da yatsunta shi ne abin da NAO ke yi da agwagwar roba. Shi ya sa nake ba da shawarar ɗan-rarrashi, jam'i 'yan-rarrashi. Ginin kalmar namu ne, kamar ɗan-aike da ɗan-rakiya. Uwa za ta iya faɗa wa ɗanta ba tare da ya razana ba. Kuma bai yi alkawarin da ba zai cika ba. Ku tuna sakamakon Edmonton: a can rarrashi bai cire zafin allura ba, hankali ya kwantar. Da mun ce "mai rage zafi" da mun yi wa iyaye alkawarin da ba mu da tabbacinsa.

Ƙari, bayan na karanta amsoshinku. Na gode ƙwarai.

Malam da ya ce rarrashi sai bayan an fara kuka, ita kuwa na'urar tun kafin kuka take fara aiki: gaskiya ne, Malam, na ji wannan. Amma ai mukan rarrashi yaro ya sha magani tun bai ɓare baki ba, don haka ina ganin kalmar ta ɗauka.

Hajiya da ta kawo 'yar tsana mai magana: ya dace da Huggable, ɗan beyar da aka ƙera a jami'ar MIT ta Amurka aka gwada a Asibitin Yara na Boston. Sai dai NAO ba ta da laushin runguma, kuma ɗa namiji ɗan shekara goma ba zai yarda a ce an kawo masa 'yar tsana ba.

Gyaran da ya fi kama ni shi ne na 'yar'uwar da ta tuna min da Paro, na'urar Japan mai siffar jaririn dabbar teku, wadda Takanori Shibata ya ƙera, ake ba tsofaffi masu ciwon mantuwa su riƙa shafawa. Ta ce ba a cewa ana rarrashin dattijo, da rashin ladabi a ciki. Haka ne. To sai mu raba: sunan jinsin gaba ɗaya na'urar ɗebe kewa, wadda ke gefen gadon yaro kuma ɗan-rarrashi. Haka zan sa a fassarar gobe in sha Allahu.

Saura abu ɗaya. Ni rarrashi na taso ina ji, amma na ga da yawanku lallashi kuke rubutawa. Mutanen Sakkwato da Katsina da Damagaram da Zariya, ku faɗa min wanne iyayenku mata ke cewa, kafin in miƙa aikin da safe.