Neman shawara: nisan Katsina zuwa Sakkwato ta jirgin sama

Tambaya:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina so in kai mahaifiyata Sakkwato daga Katsina domin ta ga ƙanwata da ta haihu, amma shekarunta sun ja, ga ciwon baya da ba ya barin ta ta daɗe a zaune, kuma halin da hanyoyin Zamfara ke ciki ya sa hankalina bai kwanta da tafiyar mota ba. Nawa ne nisan filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa da na Sarkin Musulmi Abubakar na III ta sama? Mai sayar da tikiti ya ce sai mun bi ta Abuja, abin da ya ɗaure mini kai, ganin garuruwan suna kusa da juna.

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, Malam. A miƙe, tsakanin filayen biyu kimanin kilomita 265 ne, wato mil 143 na lissafin matuƙa, domin mil ɗinsu kilomita 1.852 ne. Da a ce akwai jirgi kai tsaye, mai farfela irin ATR 72, wanda ke gudun kusan kilomita 500 a awa, da zai kai ku cikin minti 45 ko ƙasa da haka. Sai dai kusanci ba shi ke sa kamfani ya buɗe hanya ba, yawan fasinja ne, kuma mafi yawan masu tashi daga waɗannan filaye Abuja ko Legas suka nufa. Katsina zuwa Abuja kimanin kilomita 445 ne, Abuja zuwa Sakkwato kusan 490, ka ga kun yi fiye da ninki uku na ainihin nisan. Kowane zango bai wuce awa ɗaya da 'yan mintuna a sama ba.

Amsa ta biyu:
Ɗan'uwa, abin da ya kamata ka auna shi ne zaman jira a Abuja, domin shi ne zai gajiyar da Hajiya. Idan tikitocin na kamfanoni daban ne, dole ka karɓi kayanku ka sake kai su awo, kuma in jirgin farko ya makara, na biyun ba zai jira ku ba, asarar kuma taka ce. Ka bar tazarar awa huɗu aƙalla, ko ku kwana, wanda a ganina shi ya fi mata sauƙi. In tafiyar ta faɗo tsakanin Disamba da Fabrairu, hazo kan sa a jinkirta tashi ko a soke shi gaba ɗaya.

Amsa ta uku:
Allah ya raya abin da aka samu. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Tun wajen sayen tikiti ka nemi keken guragu, domin a ƙananan filaye a ƙasa ake takawa zuwa gindin jirgi, sannan a hau matakala mai tsayi da rana a ka. Magungunanta su kasance a jakar hannu. Idan tana da ciwon zuciya ko na numfashi, likitanta ya fara duba ta, saboda iskar cikin jirgi daidai take da ta tudu mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Za mu kwana a Abuja gidan yayana, washegari mu bi jirgin Sakkwato in sha Allahu.