Na'urar tausar baya ga mai cutar Parkinson: mu saya ko mu haƙura?

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Baba na fama da cutar Parkinson, yana shan maganin levodopa. Yanzu karkarwar hannun ba ta damunsa kamar bayansa. Ya ƙage, in ya tashi tsaye sai ya rankwafa gaba, ruku'u da ɗagowa ma sai an riƙe shi. Yayana da ke Sikotilan ya ga wata na'ura, BackHug, ta wani kamfani da ke Edinbara. Mutum ya kwanta a kanta, wasu yatsun inji su riƙa danna gefen ƙashin baya daga wuya zuwa ƙugu. Yana so mu haɗa kuɗi. Don Allah me kuka gani?

Abu Fatima: Wa'alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Aikina gashin ƙashi ne, bari in tambaye ki abu ɗaya: in ya kwanta rigingine, bayan yana miƙewa? In yana miƙewa, to ba ƙashin ne ya lanƙwashe ba, tsokoki ne da cutar ta rikita. Asalin matsalar a ƙwaƙwalwa take, ƙwayoyin da ke samar da sinadarin dopamine, mai taimaka wa motsin jiki, ne ke mutuwa. Tausa, ta hannu ko ta inji, na iya sassauta ƙagewar ya ji daɗin jikinsa na ɗan lokaci, amma ba ta kaiwa can. Kuma masu wannan cuta ƙashinsu kan yi rauni, ga yawan faɗuwa. Kada a ɗora dattijo a kan abin da zai danna masa baya sai likita ya duba ƙarfin ƙashinsa.

Hajiya Yaya: 'Yata, ki lura da lokacin da ƙagewar ta fi tsanani. Maigidana ma haka ya yi, ashe da ƙosai da madara yake haɗa maganin safe. Likita ya ce abinci mai gina jiki kan hana levodopa shiga jiki sosai, ya riƙa sha kamar rabin awa kafin karin kumallo. Mun ga bambanci wallahi. Amma kada ku canza komai da kanku.

Ɗan Gwandu: Ku yi tunanin wuta da gyara ma. In ta lalace a Kano wa zai taɓa ta?

Maman Hanif: Malam Abu Fatima, yana miƙewa sarai in ya kwanta, har mamaki muke yi. Hajiya, shi ma da shayi mai madara yake sha.

Abu Fatima: To ku fara da likitan jijiyarsa, ki rubuta masa awannin da jikin ke ƙagewa na tsawon mako guda. Ku nemi ya tura ku sashen gashin ƙashi, akwai a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Za a koya masa motsa jikin da ke ƙarfafa tsokar baya, da kwanciya ruf da ciki in yana iyawa. Ki ce wa Yayanki ya tambayi kamfanin ko sun yi gwaji a kan masu Parkinson, in sun yi ku kai wa likitan sakamakon ya karanta kafin a fitar da ko sisi.