Faifai 100 da ƙore 12 na bikin ƙanwata cikin wata biyu, zai yiwu?

Yayar Amarya:

Assalamu alaikum. Bikin ƙanwata saura wata biyu, farkon Satumba in Allah ya kai mu. Mun shirya a gida cewa ba robobi da kofuna za mu raba ba, faifai muke so a raba ranar kamu, ƙanana na rufe kwano, guda 100, masu launin anko, wato ja da ruwan ɗorawa. Sai ƙore 12 masu zane da za a jera mata a bangon falo. Mu biyar ne, biyu gwanaye, uku 'yan koyo. Faifai biyun da muka gwada, ɗaya ya lanƙwashe ya koma kamar akushi, ɗayan kuma da tururi ya buge shi sai jan ya zuba a kan tuwo. Don Allah masu sani, lokacin zai ishe mu? Yaya ake rinin da ba ya zuba? Ƙoren kuma wane iri za mu saya?

Inna Mai Saƙa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya sanya alheri. Zai yiwu, amma sai kun tsayar da faɗin faifan tun yau, domin duk lissafin a can yake.

Faifai mai faɗin taki ɗaya, wajen inci 8, in kaurin ciyawar cikinsa ya kai na fensir, zagaye 14 zuwa 16 ne, tsawon saƙar kuwa in aka warware ya kusa yadi 5. Gwana da ke da girki da yara za ta gama ɗaya a wuni, 'yar koyo sai kwana uku. Ke nan ku biyar faifai uku za ku riƙa fitarwa kullum, 100 kuma kwana 34. Ki cire mako guda na sayen kaba da rini da shanya, ki cire kwana goman ƙarshe da babu mai zama saboda hidimar biki, abin da ya rage kwana arba'in da 'yan kai. Ya isa, sai dai babu rarar da za a yi wasa da ita. Kada wata ta ce a ƙara faɗi don ya yi kyau. Zagayen waje shi ke cin lokaci: faifai mai inci 12 ya fi ninki biyu na aikin mai inci 8, mai inci 6 kuwa rabi ne da ɗan ɗori. In kun ga lokaci na ƙurewa, ku sauko inci 7, zai rufe ƙaramin kwano, kun kuma rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu na aikin.

Kaba ki nemi ta tsakiya, wadda aka yanko tun ba ta buɗe ba, fara sol mai laushi. Wadda ta riga ta buɗe a jikin goriba tana da kore-kore da tauri, ba ta shan rini, tana kuma karyewa a bakin basilla. Ki lanƙwasa ɗaya a yatsa tun a gaban mai sayarwa, in ta yi ƙas ki bar ta. Ta yankin Hadeja da Nguru tana da kyau, haka ta Gulbin Kaba a jihar Maraɗi. Ki saya gaba ɗaya a wuri ɗaya har da rarar kashi ɗaya cikin biyar, don ta wani dami ba lallai haskenta ya zo daidai da ta farko ba.

Wajen tsagawa, a zare ƙashin bayan a ajiye, zai yi amfani a cikin saƙa tare da ciyawa. Sauran a tsaga da allura ko farce, faɗin tsinken ashana biyu. Mutum ɗaya ya yi tsagar duka. In kowa ta tsaga nata, faifan wata zai fito da manyan idanu, na wata ƙanana, ranar rabo kuma a gane.

Lanƙwashewar da kika gani abu uku ke kawo ta. Ko ana ɗora sabon zagaye a kan kafaɗar na baya maimakon a gefensa, ko ana jan kaba da ƙarfi fiye da kima, ko kuma ba a ƙara yawan suka yayin da zagayen ke faɗaɗa, sai bakin ya tsuke ya miƙe sama. Na ukun shi ya fi kama 'yan koyo, don suna ƙoƙarin kowace suka ta faɗa kan ta ƙasa. A bar wannan, kowace suka ta manne da 'yar'uwarta kawai. Duk bayan zagaye biyu a kifa faifan a kan tire a danna da tafin hannu, in yana rawa a warware zagayen nan take. Ciyawar ciki kuma a riƙa cusa sabuwa sili biyu-uku tun kafin ta siranta, ba a jira ta ƙare a sa dunƙule guda ba, shi ke sa ƙulu. Shawarata gwanayen biyu su riƙa fara cibiya har zagaye huɗu, su miƙa wa 'yan koyo, su karɓa a zagayen baki. Cibiya da baki su ne faifai, tsakiya kowa na iyawa.

Wanda ya ɗan lanƙwashe kaɗan kada ki jefar. Ki yayyafa masa ruwa, ki sa shi tsakanin katako biyu, ki ɗora turmi ya kwana.

Ɗan Marina:

Hajiya, batun zubar ja, galura ce ta yi yawa kuma ba a ɗauraye ba. Bayan kaba yana da santsi, abin da za ta sha kaɗan ne, ragowar a samanta yake bushewa, tururi na taɓa shi ya narke. Mutane na ganin in an zabga gari launin zai fi kama, alhali dahuwa ce ke kama shi.

A tsaga kabar kafin rini, a ɗaure ta ƙulli-ƙulli sakwa-sakwa, a jiƙa a ruwan ɗumi awa ɗaya. Ruwa lita 5, galura ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe, gishiri babban cokali biyu. A fara dama garin a kofi da ruwan zafi a tace da tsumma, in ba haka ba gudajin zai bar ɗigo-ɗigo. Ruwa na tafasa a zuba kabar da ruwan zai rufe ta ruf, a rage wuta, minti 20 ana juyawa da itace, a sauke a bar ta ta huce a ciki. Sai ɗauraya da ruwan sanyi, ana sakewa har ruwan ya fito garau, ko sau shida ne. A shanya a inuwa inda iska ke ratsawa. Galura ba ta jure rana, ja sai ya koma fari-fari kafin a fara saƙa. In ta bushe a jiƙa farin ƙyalle a goga da ƙarfi. Ya fito da launi, a koma ɗauraya.

Kowane launi a rina shi rana ɗaya da awo ɗaya. Ruwan ɗorawa a fara, ja daga baya, in tukunya ɗaya ce. Tukunyar kuma ta bar kicin ke nan har abada, kuma kada ta zama mai tsatsa, ƙarfe na dusar da launi.

In kina son na gargajiya, karan dafi da ɗan kanwa yana ba da ja mai duhu, gangamau, wato kurkum, yana ba da ruwan ɗorawa. Amma kada kanwa ta kusanci gangamau, nan take zai juye ja-ja, kuma shi ma rana na cin sa. Ni a ganina, tunda abin rufe abinci ne, ku bar tsakiyar faifan da farar kaba, launin ya tsaya a zagaye uku ko huɗu na waje, inda ke zama bayan bakin kwano. Kun rage rini, kun kuma huta da fargaba.

Maman Biyu:

Anti, ni da za ki ji tawa, da zaren ulu ko leda za ku naɗe ciyawar. Babu rini, babu zuba, launin anko kuma sak za ki same shi a kasuwa.

Inna Mai Saƙa:

Gaskiya ne ba ya zuba, 'yata, amma kowanne da nasa. Ulu yana shan tururi da man miya, kafin wata guda ya fara wari, wankinsa kuma ciyawar ciki ce ke jiƙewa ta ruɓe. Leda tana yamutsewa a kan abinci mai zafi. Na ado a bango, ulu ya yi. Na rufe kwano, kaba. Kuma ulu bai fi sauri ba, sirantakarsa na sa a ninka suka.

Baban Ƙore:

Hajiya, ƙore 12 ba aiki ba ne mai yawa in an dace da saye. Ki nemi ta bara wadda ta bushe sarai. Ki ƙwanƙwasa da farce, mai kyau tana amsawa da ƙara, mai tsaga ko wadda ba ta ƙosa ba muryarta a dushe take. Kaurin baki ya kai rabin santimita, mai sirin baki wuƙa za ta huda ta. Ki ɗaga ta wajen haske ki duba ƙananan huji, in kin ga gari-gari na zuba ƙwaro na ciki, kuma zai bi sauran. Don jere ya yi fasali a sayi girma uku, huɗu-huɗu, a ƙara biyu na gwaji.

A kankare cikin da cokali, a goge da sanfefa. Bayan kuma a wanke da toka da soson wanka, a bar shi ya bushe kwana biyu. A zana da fensir tukuna. Wajen raba da'ira, a kewaya bakin da zare, a ninka zaren sau uku, ya ba da kashi 8 daidai, a sa alama. Wanda ya zana da ido kawai, in ya zagayo zai tarar ƙarshen bai haɗu da farko ba.

Zanen wuta ya fi sauƙi ga wanda ba masassaƙi ba. Wuƙaƙe biyu ko uku a garwashi, ana aiki da ɗaya sauran na ɗaukar zafi. Kada a jira ta yi ja zur, za ta ƙona gefen layin ta bar tabo mai faɗi. A ja layi sau ɗaya ba tsayawa, inda hannu ya tsaya nan rami ke fitowa. In kuma sassaƙa za a yi, a fere fatar bayan a bar zanen a tsaye, sannan a cusa alli ko farar ƙasa a wuraren da aka fere.

Hujin rataya da ƙusa mai zafi ake yi, yatsa biyu ƙasa da baki. Guduma tsaga ta za ta yi. Banish a baya kaɗai, shafa biyu marasa kauri, wuni guda tsakani. In akwai wadda amarya za ta dama fura a ciki, kada banish ya taɓa ta, a jiƙa ta da ƙasari kwana biyu-uku ana sakewa har ɗacin ya fita, a shafe bayan da man gyaɗa kaɗan.

Yayar Amarya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Inna, sunan ango da amarya fa, a saƙa shi a jiki? Kuma ina za mu ajiye waɗanda muka gama, ga marka?

Inna Mai Saƙa:

Kada ku saƙa suna. Harafi a saƙar da'ira karkacewa yake, ƙasansa a matse samansa a baje, kuma zai ci muku wuni guda a kowane faifai. Sitika ba ta zama a kan kaba, gam na bindiga kuma tabo yake bari. Ku buga ƙaramin kati, ko baduku ya yanko muku guntayen jar fata a rubuta a kai, a huda, a ɗaura da zare a jikin 'yar maratayar da za ku bari a zagayen ƙarshe.

Ajiya kuwa, leda ita ce abokiyar gabarku a watan Agusta. Kabar da ake saƙa da ita a jiƙe take, ciyawar ciki na riƙe damshi ko da bayan ya bushe, in aka ƙulle a leda kwana kaɗan fumfuna ta fito baƙi-baƙi, kuma ba ta goguwa daga farar kaba. Kowane faifai ya sha iska kwana uku a inuwa kafin a tara. A zura su goma-goma a igiya a rataye a ɗaki, nesa da bango da ƙasa saboda sanyi da gara. Duk ranar da rana ta fito a fitar da su awa ɗaya da hantsi, a kife fuskar mai launi ƙasa. In dole sai an sa su a ledar ado, a bari sai daren kamu.