Me za mu kira "event listener" da Hausa?

Assalamu alaikum jama'a. Ina rubuta wa yaran da muke koya wa aikin manhaja bayani da Hausa kan yadda kamfani yake bibiyar ayyukansa, sai na cije a kan "event listener". Bari in fara faɗin aikinsa, don rabin shawarwarin da aka ba ni sun kauce ne saboda ba a san me yake yi ba.

A ce wani ƙaramin banki ya ɗora harkar ba da rance a kan injin tafiyar da aiki, wato manhaja irin jBPM ko Camunda. Mai shago ya cike fom, jami'i ya duba, manaja ya sa hannu, a tura kuɗi. Duk sanda takardar ta shiga wani mataki ko ta bar shi, injin yakan sanar. To shi "event listener" ɗan guntun umarni ne da aka yi wa rajista tun farko, aka ce wa injin: in kaza ya faru, ka taɓo wannan. Da an taɓo shi sai ya rubuta lambar takardar, da matakin da take, da lokaci. Da abu ukun nan kaɗai allon shugaba zai nuna masa cewa fom ɗin mai shagon ya kwana uku a teburin manaja, ba sai an jira rahoton ƙarshen wata ba.

Kalmar farko, "event", ba ta ba ni wuya ba. Wani ya ce "taro", wani "biki". Babu shinkafa a nan. "Aukuwa" ta wadatar: buɗe fom aukuwa ce, sa hannu aukuwa ce.

Ta biyun, "listener", ita ce matsalar. "Mai sauraro" shi ne kowa ya fara kawowa, amma rediyo ta riga ta cinye shi. Ka ce wa Bahaushe masu sauraro, sai ya ga dattijo a kan tabarma da akwatin rediyo a kunne. Kuma mai sauraron rediyo komai aka faɗa yana ji, wannan kuwa abin da aka ɗaura shi a kai kawai yake ji.

Wani abokin aikina ya ce, "Malam, ai ɗan leƙen asiri ne." Na ce a'a, ranka ya daɗe. Ka shiga ofis ka ce wa ma'aikata an dasa musu 'yan leƙen asiri a manhaja, ka ga ko za su ƙara taɓa ta. Ba a ɓoye yake ba ma, injin da kansa ke kiransa. "Mai gadi" kuma hana shiga yake yi. "Mai dako" ya kusa, don akwai jira a ciki, sai dai yara za su ɗauka ɗan dakon kasuwa ake nufi.

Wata malama da ke koyar da Hausa ce ta tsayar da ni. Ta ce, "Ɗana, in ka kai ɗinki ka ce wa tela ya kira ka in ya gama, me kake yi a gida?" Na ce ina kasa kunne. Ta ce to.

Nan na tsaya. Kasa kunne ya ƙunshi jiran labari takamaimai, ba ka zirga-zirga kana tambayar tela an gama, an gama. Zirga-zirgar nan ita ce ɗaya hanyar, inda manhaja ke leƙa rumbun bayanai bayan kowane ɗan lokaci, kuma bambancin da nake so yaran su gane ke nan.

Ga yadda ya zauna a jimla: "Mun sa wa matakin sa hannu mai kasa kunne." Jam'i, masu kasa kunne. Har gargaɗin da na fi yi musu ya shiga lafiya: kada ka ɗora wa mai kasa kunne aiki mai nauyi, don a Camunda 7 cikin tafiyar aikin yake gudana, in ya yi jinkiri takardar ta tsaya jiransa, in ya samu matsala matakin ya koma baya.

Abu ɗaya ke damuna, a rubuce wani zai karanta "kasa" ta gazawa, ko ya sa mata ƙugiya ta zama "ƙasa". 'Yan uwa na Damagaram da Maraɗi, ku da kuka koyi abin da Faransanci, haka kuke cewa kasa kunne a can?