Layin da ke Bakin Tawul

Wata hira ce ta taso kan shafaffen layin nan da ake saƙawa kusa da bakin tawul. Wasu suka ce ado ne kawai, wani ma cikin raha ya ce iyaka ce tsakanin gefen goge fuska da na ƙafa. Bayanin masu ɗinki ya fi gamsar da ni: saƙarsa matsattsiya ce, ita ke taimaka wa bakin kada ya zare ko ya karkace. Sai dai tafasasshen ruwa kan sa layin ya tsuke, tawul ya tattare.

Wajen wanki kuwa, a rage omo, a ɗauraye sosai. Sinadarin sa kaya laushi yana rage wa tawul shan ruwa. Bayan wanka a shanya shi a buɗe, kada a dunƙule shi a ƙusa.